Darasi Kan Wutar Lantarki: Ƙaramar Tashar Unguwa Da Rabon Lokacin Shan Wuta, Da Misali Daga Anguwan Rukuba

A ranar 21 ga watan Oktoba, 2024, manyan layukan wutar lantarki guda biyu da suka taso daga Ugwuaji ta Jihar Enugu zuwa Apir, kusa da Makurɗi, suka tsaya da aiki. Kafin wannan rana kuwa masu ɓarna sun riga sun lalata layin da ya haɗa Shiroro da Kaduna. Da hanyoyin nan biyu suka toshe, sai yawancin jihohin Arewa suka shiga duhu har fiye da mako guda, birnin Jos kuma bai tsira ba. A watan Afrilu na wannan shekarar ma an kayar da wasu turaku a kan layin Jos zuwa Gombe, abin da ya jefa Arewa maso Gabas cikin irin wannan hali.

Abin lura ga ɗan kasuwa shi ne, a irin waɗannan ranaku, wayoyin da ke cikin unguwa kamar Anguwan Rukuba, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa, lafiyarsu lau, taransifoma ma babu abin da ya same ta. Ɓarnar ta auku ne a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita, amma mai injin markaɗe, da mai walda, da mai sayar da kifi da ƙanƙara, da mai aski, su ne suka biya diyya, ko dai ta hanyar rufe shago ko ta hanyar sayen mai da tsada. Darasinmu na wannan karo zai duba dabaru biyu da ake amfani da su domin kada faɗuwar babban layi ta zama faɗuwar kasuwar unguwa. Ta farko ita ce ƙaramar tashar wuta mai iya tsayawa da ƙafarta, ta biyu kuma ita ce rabon lokacin shan wuta tsakanin masu amfani da ita.

Gadon masu haƙar kuza

Mutanen Filato ba baƙi ba ne ga dabara ta farko, domin kuwa an yi ta a ƙasarsu tun kafin a san za a yi wani abu wai shi babban layin ƙasa. Kamfanonin haƙar kuza suna buƙatar ƙarfi mai yawa domin juya famfunan da ke wanke ƙasa da tsakuwa, ga shi jigilar gawayin kwal daga Enugu tana da tsada, itace kuma ya yi ƙaranci a kan tsaunin. Saboda haka suka juya ga magangarun ruwa da ke gefen tsaunin. A 1923 aka kafa tashar Kwall, a yankin da yanzu yake Ƙaramar Hukumar Bassa, mai ƙarfin kimanin megawat 2. A 1929 aka kafa kamfanin NESCO, wanda ya gina tashar Kurra a yankin Barikin Ladi, daga bisani ya ƙara da wasu ƙananan tashoshi a Jekko da Ankwil. Hedikwatar kamfanin tana Bukur.

Lokacin da gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar kafa hukumar ECN a 1950 domin tattara sha'anin lantarki a hannu guda, an bar NESCO yana cin gashin kansa. Haka kuma ya ci gaba bayan da aka haɗe ECN da Hukumar Madatsun Kogin Kwara aka sami NEPA a 1972. Har ma da kasuwar kuza ta duniya ta rushe a watan Oktoba na 1985, manyan kamfanonin haƙar suka durƙushe, kamfanin wutar bai bi su ba. Sai ya koma ga masana'antu, da makarantu, da garuruwan da layukansa suka ratsa. Dattawan Jos da Bukur za su iya tuna yadda a zamanin NEPA ake yi wa mai shan wutar NESCO kallon wanda ya dace.

Mene ne sirrin? Duka tashoshin nan in an haɗa su ba su kai megawat 30 ba, wato ko kusa ba su kama ƙafar Kainji mai megawat 760 ba. Sirrin yana cikin abubuwa uku. Inda ake samar da wutar yana kusa da inda ake shan ta. Mai samarwa ya san abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya, ya san abin da kowa ke ja da lokacin da yake ja. Sannan layin nasa yana iya aiki ba tare da ya rataya ga na kowa ba. Sai dai kada mai karatu ya ɗauka abin ba shi da rauni. Kogunan Filato ƙanana ne, suna cika da damina su janye da rani, dalilin da ya sa tun farko aka gina madatsu domin tara ruwan damina. Tashar da ta dogara da ruwa kaɗai dole ta koyi tattali daga Janairu zuwa Afrilu, kuma wannan tattalin shi ne tushen dabara ta biyu da za mu zo kanta.

Yadda ƙaramar tasha take

Ba kowane janareto da aka ja wa maƙwabta waya daga jikinsa ne ya cancanci wannan suna ba. Ƙaramar tashar unguwa tana da abin samar da wuta, wanda a yau yawanci faifan hasken rana ne tare da injin dizal na ko-ta-kwana. Tana da ma'ajiya, wato batura. Tana da wayoyin rabawa da mita a kowane shago. Abu na huɗu, wanda shi ne ya bambanta ta da saura, shi ne na'urar da ke lura da babban layi: in akwai wuta a kansa sai ta haɗa unguwa da shi, in ya faɗi sai ta yanke unguwar nan take ta bar ta a kan nata ƙarfin, in ya dawo ta daidaita bugun wutar biyu, wanda a Nijeriya sau 50 ne a daƙiƙa, kafin ta sake haɗawa.

Wannan yankewa ba ado ba ne, batun rai ne. Duk wanda ya tura wuta cikin wayar da ma'aikata suke zaton a mace take yana iya kashe mutumin da ke kan turke yana gyara. Shi ya sa ba a yin wannan aiki a ɓoye ko da hannun wanda bai ƙware ba.

A ƙasashen waje an ga amfanin tsarin a lokacin bala'i. Bayan girgizar ƙasar da ta auka wa Japan a watan Maris na 2011, ƙaramar tashar da ke harabar wata jami'a a birnin Sendai ta ci gaba da bai wa asibiti wuta alhali birnin yana cikin duhu. A 2012, da guguwar Sandy ta afka wa gabashin Amurka, Jami'ar Princeton ta yanke kanta daga babban layi ta ci gaba da aiki da tata tashar. Darasin da ya fi kusa da mu kuwa na maƙwabta ne. Bayan juyin mulkin ranar 26 ga Yuli, 2023, Nijeriya ta tsayar da wutar da take bai wa Jamhuriyar Nijar, wadda a lokacin take samun kusan kashi 70 cikin 100 na wutarta daga wannan hanya. 'Yan kasuwar Yamai da Maraɗi sun gane a jikinsu cewa waya guda, komai kaurinta, ana iya tsinke ta da hukuncin siyasa kamar yadda ake tsinke ta da zarto.

A cikin Jihar Filato kanta akwai sababbin misalai. A Ƙaramar Hukumar Shendam an kafa ƙananan tashoshin hasken rana a Demshin da Anguwan Rina, sannan a 2020 aka buɗe ta Shimankar mai kilowat 234. Amma waɗannan na karkara ne, suna tsaye su kaɗai. Abin da ya dace da unguwar birni, wadda take da turaku da wayoyi tun tuni, shi ne irin wanda aka yi a garin Toto na Jihar Nasarawa a 2023, da na Zawaciki a Kano, da na Kasuwar Wuse a Abuja, inda ƙaramar tasha take aiki kafaɗa da kafaɗa da kamfanin rarraba wuta, tana cike sa'o'in da ya gaza.

Rabon lokaci, inda kuɗin yake

A nan ne ya kamata ɗan kasuwa ya buɗe ido sosai, domin a ra'ayinmu yawancin masu sha'awar wannan sana'a suna fara lissafi ne daga faifai da batir, alhali daga agogo ya kamata su fara. Tsadar kowace tashar wuta, babba ko ƙarama, ba ta dogara da jimlar abin da aka sha a yini kawai ba. Ta dogara ƙwarai da abin da aka ja a sa'ar da kowa ya kunna nasa a lokaci guda. Dole na'urori su iya ɗaukar wannan sa'a guda, ko da za su yi sauran yinin suna hutu.

Bari mu ƙaddara wani layin shaguna, alal misali kawai, domin a ga yadda lissafin yake. Akwai injunan markaɗe 2, kowane yana jan kilowat 7.5, wato 15. Akwai masu walda 2, kowane kilowat 5, wato 10. Akwai famfunan rijiyar burtsatse 4, kowane kilowat 1.5, wato 6. Akwai firiza 20, kowace wat 200, wato kilowat 4. Fitilu, da kekunan ɗinki, da askin lantarki, da cajin waya sun tashi kilowat 5. In kowa ya kunna nasa a tare, ana buƙatar na'urori masu ɗaukar kilowat 40.

Yanzu a ce an zauna an yi shawara. Masu markaɗe sun yarda ba za su tashi injunansu a tare ba, masu walda ma haka, famfuna kuma biyu-biyu za su riƙa aiki tsakanin hantsi da la'asar, tunda ruwan tanki zai shiga, kuma tanki bai damu da ƙarfe nawa aka cika shi ba. Lissafi ya koma 7.5 da 5 da 3 da 4 da 5, wato kilowat 24.5. An rage fiye da kashi ɗaya cikin uku na girman na'urorin da za a saya, ba tare da an hana kowa aikinsa ba. Ribar ma ta wuce haka, domin injin markaɗe a daƙiƙun da yake tashi yana fizgar wuta ninki biyar zuwa bakwai na abin da yake ja in ya daidaita. Injuna biyu su tashi a tare, shi ne abin da ke sa fitilu su yi ja, na'ura ta yanke.

Haka lissafin yake a ɓangaren batir, wanda shi ne mafi tsada a cikin kayan kuma mafi saurin tsufa. A ce daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 11 na dare layin yana jan kilowat 10, har da firizoji. Sa'o'i 5 ke nan, wato yunit 50 da dole batir ya ajiye. In an bar firizojin sun daskare sosai da rana lokacin da hasken rana ke ba da wuta mai araha, aka kashe su a waɗannan sa'o'i kuma ba a yawan buɗe su, abin da ake ja ya koma kilowat 6, wato yunit 30. Ƙanƙarar da ke cikin firiza ta yi aikin batir, kuma ba a sayo ta da dala ba. Sai dai a ware firjin da ke riƙe da allurai da magunguna. Wannan ba ya shiga rabon, wutarsa ba ta yankewa.

Jos tana da wani abu da Kano da Sakkwato ba su da shi. Birnin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu kuma ba wasa ba ne, saboda haka na'urar dafa ruwan wanka tana cikin manyan masu shan wuta a gidaje da masaukai, kuma kowa da asuba yake son kunna tasa. Ruwan zafi kuwa yana ajiyuwa in tankin yana da rufi mai kyau. Ƙasar New Zealand ta shafe shekaru da dama, tun wajen shekarun 1950, tana kashe irin waɗannan na'urori daga nesa a sa'o'in cunkoso, mai gida kuma ba ya ma sanin an yi. A Ingila tun 1978 ake da farashin da ake kira Economy 7, mai rahusa na sa'o'i 7 da dare. A Faransa kamfanin EDF yana da tsarin Tempo, inda kwanaki 22 a shekara suke da farashi mai zafi a lokacin hunturu, sauran kwanakin kuma da sauƙi, ana kuma sanar da mai saye tun ana gobe. Bambancin kawai shi ne, su wutarsu mai araha da dare take, tamu ta hasken rana kuwa da tsakar rana take.

Wani zai ce ai mu ma muna da rabon wuta, tunda kullum ana ɗauke wa wannan unguwa a bai wa waccan. Ba ɗaya ba ne. Wancan rabo ne na dole wanda ba ya tambayar wa ke da nama a firiza, wa kuma ke barci. Wannan kuwa ciniki ne: wanda zai iya jira ya jira a rage masa kuɗi, wanda ba zai iya ba ya biya cikakken farashi. Hanyar aiwatar da shi ita ce mita mai katin biya wadda ta san lokaci, ta yadda yunit na ƙarfe 1 na rana zai fi na ƙarfe 8 na dare araha. In babu wannan bambanci a farashi, alkawarin baki ba ya wuce mako biyu, musamman ranar da mai markaɗe ya ga mata sun yi layi da bokitan tumatir.

Abin da doka ta tanada

Tun bayan sayar da kamfanonin rarraba wuta a watan Nuwamba na 2013, kamfanin JED ne ke da alhakin rarrabawa a jihohin Filato, Bauchi, Binuwai da Gombe. Wayoyi da taransifomomin da ke cikin unguwa suna ƙarƙashin lasisinsa, saboda haka babu mai shiga da tasa wutar sai da yardarsa. Hukumar NERC ta fitar da ƙa'idojin ƙananan tashoshi a 2016, ta sabunta su a 2023. A ƙarƙashinsu, ƙaramar tasha ita ce wadda ba ta wuce megawat 1 ba. Wadda take tsaye ita kaɗai kuma ba ta wuce kilowat 100 ba, rajista ta wadatar mata. Wadda za ta haɗu da layin kamfanin rarrabawa kuwa sai da yarjejeniya tsakanin ɓangarori uku, wato mai zuba jari, da jama'ar wurin, da kamfanin. Kamfanin yana samun kuɗin hayar wayoyinsa da kuɗin wutar da ya sayar a sa'o'in da yake da ita, mai jari kuma shi ke karɓar kuɗi daga jama'a.

Bugu da ƙari, gyaran tsarin mulki na watan Maris 2023 da Dokar Lantarki ta watan Yuni na wannan shekarar sun bai wa jihohi ikon kafa hukumominsu na kula da kasuwar wuta, kuma tun 2024 wasu suka fara karɓar ragamar, Enugu na cikin na farko. A watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 domin shirin DARES, wanda hukumar REA ke gudanarwa, kuma ƙananan tashoshi masu haɗuwa da babban layi suna cikin abin da shirin ke tallafa wa.

Dangane da farashi, a watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin yunit na masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin sa'o'i 20 a yini, zuwa naira 225, kafin a ɗan sassauta shi daga baya. Sauran rukunan alkawarinsu sa'o'i 16 ne, 12, 8 da 4. Wutar ƙaramar tasha za ta fi ta ƙananan rukunan nan tsada, babu amfanin ɓoye wannan. Amma ma'aunin da ya dace ba shi ne takardar kuɗin wuta kaɗai ba. Injin dizal mai lafiya, yana ɗauke da kaya daidai ƙarfinsa, yana shan kusan kashi ɗaya cikin uku na lita kafin ya ba da yunit guda, ƙaramin janareton fetur kuwa ya fi haka ci nesa ba kusa ba, ga shi tun cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lissafinsa ya sauya gaba ɗaya. Mai shago ya haɗa kuɗin mai, da na baƙin mai, da na makaniki, da kayan da suka lalace a wata, sannan ya kwatanta.

Inda ake tuntuɓe

Na'ura ba ta cika kayar da irin wannan sana'a ba. Mutane ne ke kayar da ita. In shaguna biyar suka zagaye mita, sauran su ne za su biya musu, daga nan kuma sai kowa ya ce shi ma ba wawa ba ne. In ba a ware wani kaso na kuɗin shiga a asusu na daban domin sayen sababbin batura ba, ranar da tsofaffin suka gaji tashar ta zama kango. In kwamitin unguwa ya zama na ɓangare guda, a birni irin Jos inda amana tsakanin al'ummomi take da tsada, rabon lokaci zai koma abin zargi, kowa yana ganin an fifita wani. Saboda haka jadawalin ya kasance a rubuce, a manne inda kowa zai gani, kuma ƙungiyoyin masu sana'a su ne za su sa hannu, kowace da wakilinta.

Akwai kuma batun yanayi. A Yuli da Agusta hadari yana rufe sararin Jos kwanaki a jere, faifai ba sa ba da abin da suke bayarwa a Maris, da hunturu kuma ƙura tana kwanta musu sai an riƙa wankewa. Wanda ya auna tasharsa da watan da ya fi rana zai sha mamaki da damina. Abin sha'awa shi ne watannin da rana ke ɓuya su ne watannin da kogunan Filato ke cika, watannin da koguna ke janyewa kuma su ne rana ke da ƙarfi, ta yadda tsohuwar hanyar masu kuza da sabuwar hanyar faifai suna iya rufa wa juna asiri in an haɗa su a layi guda.

Ga ƙungiyar 'yan kasuwar da ke son gwadawa, aikin farko ba ya cin ko sisi. A ɗauki littafi a bi shago-shago a ƙarƙashin taransifoma guda, a rubuta kowace na'ura, da ƙarfin da aka buga a jikinta, da sa'o'in da ake kunna ta, da lita nawa ake saya a mako. A gaban kowace a rubuta ko tana iya jira sa'a biyu ko ba ta iyawa. A kuma riƙa rubuta ƙarfe nawa aka kawo wuta, ƙarfe nawa aka ɗauke, har tsawon wata uku, ciki har da wata guda na damina. Wannan littafi shi ne abin da mai zuba jari, da banki, da kamfanin rarrabawa za su fara tambaya kafin a zauna maganar yarjejeniya.